Daga Shuɗiyar Ƙusa Zuwa Ja: Nazarin Giɓin Da Ke Tsayar Da Masu Lanƙwasa Ƙarfe

Akwai wani reshe na wasan ƙarfi da ba a cika jin labarinsa ba. Mutum zai ɗauki guntun ƙarfe da bai kai taƙi ba, ya naɗe bakinsa biyu da fata ko ƙyalle mai kauri, ya riƙe shi a gaban ƙirji, ya lanƙwasa da hannu zalla har ƙafafun ƙarfen biyu su kusa haɗuwa. Babu guduma, babu dogara ƙarfen a cinya ko a gwiwa. Tsoffin 'yan wasan nuna ƙarfi ne suka bar wannan gado, irin su Joseph Greenstein, wanda aka haifa a 1893 a yankin da yake cikin Poland a yau, ya yi suna a Amurka da tanƙwara ƙusoshi da takalman doki, ya rasu a 1977.

Yanzu wasan ya samu ƙa'idoji da matakai, kuma a cikin matakan akwai wuri guda da yawancin masu koyo suke cijewa. Wasu su yi watanni a nan, wasu shekaru, wasu kuma daga nan suke naɗe fatarsu su ajiye. Wurin shi ne tsakanin ƙusa ta huɗu da ta biyar a jerin da kamfanin IronMind yake sayarwa. A kan wannan giɓi na tsayar da nazarina, domin wanda ya gane abin da ke faruwa a cikinsa ya gane yadda ake kwatanta ƙarfe da ƙarfe.

Jerin ƙusoshin

Randall Strossen ne ya kafa IronMind a 1988, mazaunin kamfanin kuma garin Nevada City ne a jihar Kalifoniya. Cikin hajarsa akwai wasu guntayen sanduna da ake kira ƙusoshi, ko da yake ba su da kai, ba su da tsini. Da launi aka bambanta su. Fara kaurinta 3/16 na inci, tsawonta inci 6. Koriya kaurinsu ɗaya da Fara, amma tsawonta inci 5. Rawaya ta hau zuwa 1/4 na inci, tsawo inci 7. Shuɗiya kaurinsu ɗaya da Rawaya, tsawo inci 6. Sai ta biyar, Red Nail, wato Jar Ƙusa: kauri 5/16 na inci, tsawo inci 7. Ga wanda ya saba da milimita, kaurin guda uku su ne 4.8 da 6.35 da 7.9, tsawon Ja kuma santimita 17.8.

Ja ce take da martaba. Kamfanin yana da rajistar sunayen waɗanda suka lanƙwasa ta a gaban alƙali, kuma John Brookfield ne ya buɗe rajistar a 1995. Sharuɗɗan ba su da yawa: a naɗe ta da ƙyallen kamfanin, a gama cikin minti 1, tazarar da ke tsakanin ƙafafunta kuma kada ta wuce inci 2.

A takarda jerin kamar matakala yake mai tsari: a riƙe kauri a rage tsawo, sannan a ƙara kauri a mayar da tsawo. Labarin masu hawa ta kuwa kusan iri ɗaya ne. Mutum mai ƙwarin hannu zai wuce Fara da Koriya ba tare da wahala ba, ya ɗan sha fama da Rawaya, ya ci Shuɗiya bayan ya koyi riƙo. Ranar da ya ɗauki Ja, zai danna iyakar ƙarfinsa har jijiyoyin wuya su tashi, ya kwance fata ya duba, ya tarar da ita miƙe sar, ko gezau. Abin da ke ƙara ɓata masa rai shi ne, in ya jera su biyun a tafin hannu, bambancin kaurinsu milimita 1.6 ne kawai, bai kai tsinken ashana ba. Ja ma ta fi tsawo, wanda a saninsa sauƙi ne.

Abin da lissafi ya nuna

Juriyar sanda mai zagaye a gaban lanƙwasa ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da kaurinta. Kauri sau kauri sau kauri take bi. In aka ninka kauri sau biyu, juriya ta ninku sau takwas. Daga 1/4 zuwa 5/16 ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu ne, wato 1.25. A buga 1.25 sau 1.25 sau 1.25, za a samu 1.95. Ɗan siririn bambancin nan da ido ya raina ya kusa ninka ƙarfin da ake bukata.

Tsawo yana rage wani abu. Duk wanda ya taɓa ganin makanike ya zura fayif a bayan sifana don kwance notin taya ya san dalili: hannu mai tsawo ya fi juya abu da ƙaramin ƙarfi. Ja ta fi Shuɗiya da inci 1, don haka sai a buga lissafin sau 6 bisa 7. Abin da ya saura shi ne 1.67, in mun ɗauka ƙarfen iri ɗaya ne. Wanda ya hau daga Rawaya zuwa Shuɗiya kashi 17 cikin 100 aka ƙara masa. Daga Shuɗiya zuwa Ja kuwa kashi 67 ne, a taki ɗaya.

Da na fara wannan lissafi wani abu ya ba ni mamaki. Tsallaken da ke tsakanin Koriya da Rawaya ma kusan haka yake, 1.69, amma ba ka jin kowa yana kuka da shi. Dalilin shi ne a can ƙasa hannu yana da rara. Wanda ke ɗaukar kilo 20 yana fito, in ka miƙa masa 34 zai ɗauka. Wanda kilo 100 ne iyakarsa, in ka ce gobe ya ɗaga 167, ka tura shi neman rauni.

Lissafin tsawon nan yana da gyara. Hannu yana cinye wani sashe na kowane baki, saboda haka abin da ke aiki a matsayin hannun sifana bai kai tsawon ƙarfen duka ba. Shi ya sa guntun ƙarfe yake saurin tauri fiye da yadda alƙalami ya nuna. Rabin inci da aka yanke daga sanda mai inci 7 ɗan ƙari ne. Rabin incin da aka yanke daga mai inci 5 yana iya mayar da ita abin da ba ya motsi.

Ƙirar zafi da ƙirar sanyi

Kauri da tsawo ana auna su. Abu na uku, wanda ma'auni ba ya gani, shi ne yadda aka ƙera ƙarfen, kuma a nan ne na fi so mai karatu ya dakata.

Sandar ƙirar zafi ana murza ta ne tana jajir, a zafin da ya haura digiri 900, sannan a bar ta ta huce. Tana fitowa da baƙar ɓawo a jiki, kaurinta ba daidai-wa-daida ba, cikinta kuma a sake yake. Sandar ƙirar sanyi kuwa, bayan ta huce ake jan ta da ƙarfin inji ta cikin wata ƙaramar kafa, a matse ta ta rage kauri. Matsar nan tana taurara ta, ta fito da santsi da ƙyalli da kauri daidai. Jar Ƙusa ƙirar sanyi ce.

Injiniyoyi suna da ma'auni na inda ƙarfe yake sallamawa, wato matsin da in an kai shi ba ya komawa yadda yake. Ƙarfen ƙirar zafi da Amurkawa ke kira A36, mafi ƙarancin abin da aka yarda masa shi ne 250 a awon matsi da ake kira megafaskal. Ƙarfen 1018, mai kabon kusan kashi 0.18 cikin 100, in ƙirar sanyi ne ana ba shi wajen 370. Waɗannan alƙaluman littafi ne, kuma sandar da ke hannunka takan zarce su, musamman siririya da aka ja da yawa. Duk da haka sun nuna girman abin: sanduna biyu masu kauri ɗaya da tsawo ɗaya, ɗaya tana iya fin ɗaya juriya da kusan rabi.

Har siffar lanƙwasar tana tona asiri. Ƙirar zafi takan yi baka mai faɗi kamar harafin U. Ƙirar sanyi takan karye kusurwa a wuri guda, ta fi kama da V. Gwanaye suna duban lanƙwasasshen ƙarfe su faɗi irinsa.

Akwai kuma wani hali na ƙarfe da ya shafi kowane iri: inda aka lanƙwasa yana ƙara tauri yayin da ake lanƙwasa shi. Saboda haka miƙar da ƙusa da guduma a sake gwada ta ba ya gaya wa mutum komai game da ƙarfinsa, kuma in aka yawaita kai da komo a wuri ɗaya ƙarshenta karyewa. Ƙarfen da ba ya tsatsa, irin 304, ya fi sauran wannan hali. Yana ƙara gardama ne daidai lokacin da hannu ya fara gajiya.

Matakalar da masu wasan suka gina da kansu

Da yake babu komai tsakanin Shuɗiya da Ja a jerin, masu wasan sai suka shiga shagunan kayan gini suna neman abin da zai cike giɓin. Abin da suka tattaro shi ne ainihin kwatancen da ake magana a kai.

Na farko ita ce ƙusar katako ta gaske mai inci 6, wadda Amurkawa ke rubutawa 60d. Harafin d ɗin tsohuwar alamar kuɗin peni ce ta Ingila, daga zamanin da ake kiran ƙusa da farashin ɗarinta. Kaurinta wajen milimita 6.7 ne, ta ɗan ɗara Shuɗiya, kuma ita ce ƙusar da tsoffin gwanaye suka saba nunawa a dandali. Tana da arha, ana samunta a kwali. Aibinta guda, amma babba: sunan 60d tsawo da kauri yake nufi, bai ce komai ba a kan taurin wayar da aka yanko ta. Ta wannan masana'anta tana iya kasa Shuɗiya, ta waccan ta wuce ta nesa. Mutum biyu za su ce sun lanƙwasa 60d, alhali aikin da suka yi ba ɗaya ba ne. A ganina ƙusar katako ta dace da yawan maimaici don hannu ya saba, amma ba ta dace a auna ci gaba da ita ba, sai in daga kwali ɗaya ake ɗiba.

Na biyu ƙusar noti ce, mai zare a baki, kauri 1/4, tsawo inci 6. Ita ta fi kowa gaskiya, domin darajarta a rubuce take a kanta. A tsarin Amurka, kai marar alama daraja ta 2 ce, mai laushi. Layi uku daraja ta 5, wadda aka ƙayyade mata jure jan fam 120,000 a kowane murabba'in inci. Layi shida daraja ta 8, fam 150,000. Ta 5 da ta 8 an gasa su an tsoma, an sake ɗumama su, shi ya sa suke da tauri. Masu wasan suna ajiye su biyun a tsakanin Shuɗiya da Ja, ta 5 a ƙasa, ta 8 a sama. Halinsu dabam ne da na sandar ƙirar sanyi. Suna da tsalle kamar sifirin: ka matse su, ka saki, su buɗe. Wanda yake neman tazarar inci 2 dole ya matsa fiye da haka kafin ya saki.

Na uku yanka. A sayi doguwar sanda mai 1/4, a yanka inci 5 da rabi, sannan 5. Wannan ce hanya mafi araha, kuma tana ba da matakai ƙanana yadda mutum yake so. Sai dai tana koyar da riƙon siririn ƙarfe gajere, alhali Ja mai kauri ce doguwa. Shi ya sa wasu suke biyowa ta ɗaya ɓangaren: su sayi mai kaurin 5/16 amma ƙirar zafi, ko su yanka ƙirar sanyin ta fi inci 7, su riƙa rage ta kaɗan-kaɗan. Ni wannan na fi gamsuwa da shi, domin hannu yana sabawa da girman abin da zai fuskanta a ƙarshe. Akwai kuma kauri na tsaka-tsaki, 9/32 na inci, milimita 7.1, wanda a lissafi ya fi 1/4 da kashi 42 cikin 100.

Sanda mai kusurwa huɗu ma tana shiga jerin. In faɗinta ya yi daidai da kaurin mai zagaye, ta fi ta juriya da rabi, saboda naman da ke kusurwoyin.

Dalilin da ya sa ba a wadatuwa da iri ɗaya shi ne lanƙwasa kanta kashi uku ce. Akwai karyawar farko, lokacin da miƙaƙƙen ƙarfe ya fara sallamawa, aikin wuyan hannu da kafaɗa. Akwai jawowa, daga ƙaramar kusurwa zuwa inda ƙafafun suka fuskanci juna. Sai matsewa, inda ake sarƙe yatsu a danne da tafuka da ƙirji. Kowane ƙarfe da inda yake tsananta wa mutum. Sanda mai kauri a farko take hana ka. Ƙusar noti mai daraja ta 8 da ƙarfen da ba ya tsatsa a ƙarshe suke riƙe wuya. Wanda ya san inda yake da rauni ya san wane ƙarfe zai saya.

Abin da ya sa wannan bai zama zancen alƙaluma kawai ba shi ne jiki. Tsoka tana saurin ƙaruwa, jijiyoyin wuyan hannu da na gwiwar hannu kuwa a hankali suke bi. Mai danna ƙarfen da ba ya motsi, kullum, da dukkan ƙarfinsa, a kan waɗannan jijiyoyi yake sauke nauyin, kuma ciwonsu ba ya warkewa da wuri.

In aka zo kasuwarmu

Ƙusoshin launi ba a bakin titi ake samunsu a nan ba. Wanda ya ga bidiyo ya yi sha'awa, wurin masu kayan gini zai nufa, kuma a nan lissafin sama yake da amfani ƙwarai.

Rodi mai milimita 8 a idon magini ƙarami ne, na ɗaure ginshiƙi. Amma milimita 8 ta ɗan fi kaurin Jar Ƙusa, kuma rodi mai ƙurji-ƙurji an yi shi ne don ya yi tauri: ma'aunin Birtaniya da injiniyoyi da yawa ke bi ya sa masa megafaskal 460, daga baya aka ɗaga zuwa 500. Saurayin da ya yanki santimita 18 na wannan rodi don ya fara koyo, ya fara ne daga inda wasu suke ƙarewa bayan shekaru. Ga ƙurjin jikinsa yana cin fata. Ga shi da yawansa daga narkakken gwangwan ake zuba shi, taurinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Sandar da masu walda ke yin tagar kariya da ita, mai kusurwa huɗu milimita 10, ta ninka rodin kusan sau uku a lissafin kauri. Wannan ba ta cikin zancen ma.

Wadda nake roƙo a guje mata gaba ɗaya ita ce ƙusar kankare. An taurara ta don ta huda siminti, ba ta lanƙwasuwa, tsinkewa take yi farat ɗaya, ga ta kuma a riƙe kusa da maƙogwaro da ido. Haka ma sanda mai zare daga baki har baki, domin kowane zare wurin tsagewa ne.

Ƙusoshin noti na milimita su ma suna ɗauke da darajarsu a ka: 4.6 mai laushi, 8.8 wadda ta yi kusa da daraja ta 5, sai 10.9 wadda ta yi kusa da ta 8. Mai kaurin milimita 6 ta fi mai 1/4 na inci sauƙi da kashi 16 cikin 100, don haka kada mutum ya gwada kansa da abin da ya gani a bidiyon Amurka kai tsaye.

Ni kaina a kan ƙusa mai inci 6 na koyi wannan darasi. Na saba da wadda nake saye a wani shago, har ina lanƙwasa biyar a zama ɗaya. Da ta ƙare na saya a wani wuri, sunan ɗaya, tsawon ɗaya. Ta farko ta ƙi motsi. Maimakon in tsaya in tambayi dalili, sai na ɗauka gajiya ce, na yi ta dannawa kwana uku a jere. Wuyan hannuna na dama ya yi makonni ba ya son ko murɗa makulli. Da na kai ƙusoshin biyu wurin mai juya ƙarfe ya sa musu ma'aunin kauri, sabuwar ta fi tsohuwar da rabin milimita. Daga 6 zuwa 6.5 ƙarin kashi 27 cikin 100 ne, tun kafin a zo batun taurin wayar.

Tun daga nan na sauya tsari. Ina sayen ƙusa da yawa daga kwali ɗaya, sanda kuma doguwa guda in yanka da zarto da kaina, don in san bambancin da na ji daga tsawo ya zo. Ina datse tsinin kowace ƙusa in goge bakin da magagari, domin tsini yana ratsa fata ya shiga tafi. Naɗina ƙirgi ne mai laushi, kuma ba na sauya kaurinsa, saboda naɗi mai kauri yana ƙara tsawon riƙo ya sa ƙarfe ya yi sauƙin ƙarya. A littafi nake rubuta kauri da tsawo da irin ƙarfe da ranar da na lanƙwasa. Ba na hawa mataki sai na ci na ƙasa sau da yawa a ranaku dabam-dabam, ƙarin kuma ina ƙoƙarin kada ya wuce irin wanda ke tsakanin Rawaya da Shuɗiya.

A yanzu ina kan ƙusar noti 8.8 mai kaurin milimita 6 da tsawon 150. Karyawar farko tana zuwa, matsewar ce take buɗe mini in na saki. Akwai sanda mai santsi milimita 8, ƙirar zafi, da na yanka santimita 20 na ajiye a gwangwani. Sai 8.8 ta rufu sau goma zan naɗe wannan sandar.